Muryar Oga kan motar Alhaji mai karkarwa in an taka birki

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji muryarka tun bayan la'asar, hannuna duk baƙin mai ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce Corolla taka in ka taho daga Jega da gudu, kamar tamanin ko ɗari, ka taka birki, sai sitiyari ya dinga karkarwa a hannunka. Kuma wai ka yi balansin, ka yi alaimen, abin shina nan. To ai dole shina nan! Wanda ya tura ka wurin balansin kuɗinka kawai ya sa anka ci.

Ga yadda ake ganewa, ko yaron gareji ya sani. In kana gudu ba ka taɓa birki ba mota na rawa, wannan taya ce, ko balansin, ko rim ya lanƙwashe. Amma in tana tafiya sumul, sai ka ɗora ƙafa ta fara, to faifan birki ne, dis ɗin nan da fad ke matsewa. Tunda a sitiyari kake ji, na gaba ne. Da na baya ne, a kujera za ka ji shi da ƙarƙashin ƙafarka, kuma tsofaffin Corolla da yawa birkin durom ne gare su a baya, ba faifai ba.

Muna cewa faifai ya karkace. A'a, bari in gyara, sau da yawa ba karkacewa ba ce irin ta murfin tukunya. Wani gefe ne ya fi wani kauri, ko fad ya yi zafi ya bar dattinshi manne a wuri guda. Abin da Toyota ta yarda faifan ya kauce 0.05 ne na milimita, ko kaurin gashin kai bai kai ba. Don haka kar wani ya leƙa da ido ya ce maka lafiya lau.

To mi ke ɓata shi? Zafi, ɗaya. Mutum ya taho tun daga Koko shina taka birki ga kowane rami da kowane shingen jami'ai, faifai ya yi jawur, shina shigowa Birnin Kebbi sai wurin wankin mota, yara su sakar mishi ruwa. Ka bari ta huce mana, ko rabin awa.

Amma ni babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, masu faci. Wallahi masu faci! Notin tayar Corolla da Camry awonshi 103 Nm ne a sifanar awo, mai auna ƙarfin ɗauri, kuma tsallake-tsallake ake ɗaure shi, wanga sannan wanda ke fuskantarshi. Su kuwa sai su zura dogon fayif a sifana, ƙato ya hau da ƙafa biyu shina tsalle, noti na kuka, su bi su a jere, shi ke sa faifai ya kauce. Bara wani bawan Allah ya kawo mini Camry, munka kai faifan anka fere a inji, na sa sabon fad, mota ta koma kamar amarya. Sati biyu ya yi faci a hanyar Argungu. Bayan wata biyu sai ga shi, gaban yarana, wai na cuce shi, aikin banza na yi mishi. Na ce a kwance tayar. Yara biyu sunka hau sifana, noti ya ƙi, daga ƙarshe ƙusa guda ta karye. Na ce Alhaji wa ya ɗaure wannan? Shiru. Har yau ko haƙuri bai ba ni ba, kuma muna haɗuwa a masallacin Juma'a, sai ya kau da kai. Ni da na rage mishi kuɗin aiki ma... to a bar wannan.

Ina nake? Yauwa, gyara. Kar ka ce a canza fad kawai, sabon fad kan tsohon faifai mai tudu da kwari ba ya hana rawa. A cire faifan a duba jikinshi, akwai lamba da anka buga, MIN TH, ita ce iyakar sirantarshi. In da sauran nama a kai a fere. In ya kusa lambar, a jefar, don siririn faifai ba ya ɗaukar zafi, wata biyu ya dawo da kai. Kuma biyu ake canzawa, dama da hagu, ba guda ba. Kafin a ɗora, a goge tsatsa da yashin da ke fuskar hob tas, wato wurin da faifan ke zama, ƙwayar yashi guda ta isa ta ɗaga shi. A zare fil ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad, a sa mishi giris, don in ya ƙage, fad na nan manne da faifai kullum. Kai ma in ka tsaya, kara hannu kusa da rim, kar ka taɓa, in ɗaya ya fi ɗan'uwanshi zafi sosai to kalifa ce.

Tunda an ɗaga ta a jak, a girgiza tayar a ji tairod da boljoyin da boris, su ne ke riƙe da taya da sarrafa ta. In sun yi lako-lako suna ƙara wa rawar ƙarfi.

Af, na manta. Malam da ya ce tashi feda ce ke bugun ƙafarshi in ya taka da ƙarfi kan yashi ko tsakuwa, Malam wannan ABS ne, na'urar da ke hana taya ƙagewa ta ja ƙasa, ke aikinshi, kar ka bari a taɓa maka komi.

Alhaji, ka kawo ta gobe da safe kafin rana ta yi zafi, kuma ka taho a hankali. In an gama, kwana biyun farko ban da taka birki da ƙarfi sai dole, fad ya zauna tukuna. Ga kiran salla nan an fara.