Me Ya Sa 'Yar Tsana Ba Ta Magana Da Muryar Mutum?

Tambaya: Na kalli wasan 'yan tsana na Ingila a talabijin, sai na ji muryar babban ɗan wasan siririya ce mai tsiwa kamar kukan tsuntsu. Shin na'ura ce take sauya ta? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ba na'ura ba ce, kuma da gangan ake yin hakan. Ɗan tsanan da ka gani shi ne Punch, wanda aka fara ambatar wasansa a birnin Landan a shekarar 1662. Mai wasan yakan ɗaure ƙananan ƙarafa biyu da siririn ƙyalle a tsakaninsu, ya maƙala su tsakanin harshe da ganɗa, ta yadda iskar da ke fitowa za ta kaɗa ƙyallen, maganar ta fito da wani irin amo wanda maƙogwaron ɗan Adam ba ya iya yi shi kaɗai. Akwai haɗarin haɗiye abin, shi ya sa koyonsa yake ɗaukar lokaci.

A ganina hikimar tana nan: gunkin katako ba mutum ba ne, don haka idan ya yi magana da muryar mai riƙe da shi, nan take asiri zai tonu, amma baƙuwar murya takan sa 'yan kallo su yarda cewa wata halitta ce dabam take magana. A jihar Rajasthan ta Indiya ma masu wasan 'yan tsana na gargajiya da ake kira kathputli suna amfani da ɗan busa na gora, sannan mai kiɗan ganga yana fassara wa jama'a abin da 'yar tsanar ta faɗa.