Ruwa na tsattsafowa a gindin jingarmu: shin za ta ɓalle?

Tambaya: Malam, bara muka yi gayya muka ƙara tsayin jingar da ta raba unguwarmu da kogi. Bana ruwa na tsattsafowa daga gindinta ta ɓangaren gidaje alhali kogin bai haura ba, samanta kuma ya lotsa a wuri guda. Mene ne abin yi?
Wani mai karatu daga Haɗejiya

Amsa: Malam, da farko ka ɗebi ruwan nan a farar roba ka duba. Kowace jingar ƙasa tana naso idan kogi ya daɗe yana jingine da ita, don haka garai-garan ruwa da ba ya ƙaruwa ba abin firgita ba ne, ko da yake yana buƙatar sa ido dare da rana. Idan kuwa ya fito da laka, ko ka ga rairayi na taruwa a bakin ɓular kamar gidan tururuwa, to ruwan ya fara ƙwaƙule cikin jingar. Haka madatsar Teton ta jihar Idaho a Amurka ta yi ranar 5 ga Yunin 1976: da safe aka ga ruwan laka, kafin azahar ta fashe.

Kada ku toshe irin wannan ɓula, domin ruwan zai nemi wata mafita kusa da ita. Ku kewaye ta da buhunan yashi har ruwan ya taru a ciki ya daina fito da ƙasa, sannan ku sanar da hukuma nan take, a kuma kwashe yara da tsofaffi.

Batun lotsawa kuwa, ina zargin daɓe. Aikin gayya yana da albarka, amma akan jibga ƙasa a tattaka samanta kawai, alhali ƙa'ida ita ce a zuba ta shimfiɗa-shimfiɗa, kowace ba ta wuce santimita 20 zuwa 30 ba, a yayyafa ruwa a daɓe. Yumɓun fadama da ke ƙarƙashi ma yakan yi shekaru yana matsewa saboda nauyin da aka ɗora masa. A kuma binciki ramukan gafiya da gara.

Kada ku saki jiki ranar da kogi ya janye. Idan ya sauka da sauri, jiƙaƙƙiyar ƙasar ɓangaren kogin takan zaftare, saboda ruwan da ke tallafe da ita ya tafi, na cikinta kuma bai gama tsiyayewa ba.