Ga ƙaninmu da aka gayyata haikalin Buda daren sabuwar shekara a Japan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙaninmu da ya fara karatu a Japan bana ya kawo tambaya: dattijon da yake haya a gidansa ya gayyace shi haikalin mabiya addinin Buda na unguwarsu daren 31 ga Disamba. Bai san me ake yi a can ba, shagali ne ko ibada, kuma yana gudun ya ƙi zuwa ya ɓata wa tsohon rai. Na ga wasu sun ba shi shawarar ya ce ba shi da lafiya. Ban goyi bayan haka ba. Ƙarya ce, kuma baɗi ma za a sake gayyatarsa, sai ya sake wata rashin lafiyar? Na yi shekaru a wani ƙaramin gari a lardin Shiga, gefen tafkin Biwa, lokacin da nake karatu, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidan da nake haya da haikalin unguwa. Ƙanina, zan faɗa maka abin da na gani. Hukunci kuwa ka kai wa malamai, ba fagena ba ne.

Ka fara cire batun shagali daga ranka. A Japan daren Kirsimeti ne samari da 'yan mata ke fita gari, sabuwar shekara ta gida ce da iyaye. Ofisoshin gwamnati na rufewa daga 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu, bankuna daga 31, garuruwan ɗalibai su yi tsit saboda kowa ya tafi garinsu. Tun 1873 suka koma kalandar Turawa, shi ya sa tasu ke faɗawa 1 ga Janairu, saɓanin Sin da Biyetnam da ke bin lissafin watan sama, ko Tailan da ke babban bikinta a Afrilu. Ka sayi namanka na halal da wuri, ka ajiye 'yan kuɗi a hannu.

Abin da aka gayyace ka ka gani shi ne kaɗa ƙararrawar ƙarshen shekara, suna ce mata joya no kane. Ƙararrawar haikali ta tagulla ce, a rataye cikin wata rumfar katako a tsakar fili, kuma ba ta da harshe a ciki. Gungumen itace ake ratayewa a gefenta a kwance, mutum ya kama igiya ya ja shi baya, ya sake shi ya daki jikinta. Idan kana kusa, a ƙirji za ka ji ta kafin kunne. Ba a sake bugawa sai amon farko ya kusa mutuwa, don haka abin na ɗaukar fiye da awa guda. Sau 108 ake bugawa. A koyarwarsu, wannan ne adadin sha'awoyi da ruɗun da ke wahalar da zuciyar ɗan Adam, irin su kwaɗayi da fushi da jahilci. Lissafin da aka fi ji shi ne: ƙofofi shida, wato ido, kunne, hanci, harshe, jiki da zuciya, kowace na iya karɓar abu mai daɗi, marar daɗi ko tsaka-tsaki, ya zama 18. Kowanne ko mai tsabta ko gurɓatacce, 36. A ninka da jiya da yau da gobe, 108. Wasu kuma na cewa lissafin shekara ne kawai: wata 12, da rabe-raben yanayi 24, da ƙanana 72. Haikalai da yawa na buga 107 kafin sha biyun dare, su bar ta ƙarshe ta shiga sabuwar shekara.

Wadda za ka gani a talabijin ɗin NHK kusan kowace shekara ita ce ta haikalin Chion-in a Kyoto. An ƙera ta a 1636, nauyinta ya kai tan 70, kuma limamai 17 ne ke haɗuwa su buga ta: 16 na riƙe ƙananan igiyoyi, ɗaya na riƙe babbar ya wurga jikinsa baya har ya kusa kwanciya a ƙasa. Abin kallo ne, amma a lokacin da nake can cunkoson ba ya barin mutum ya ga komai sai ƙeyar na gabansa. Na unguwa ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma dalilin ba ƙararrawar ba ce.

A namu haikalin, mutanen da ke zuwa ba su cika ɗari ba. Ana hura wuta a tsakar fili, a jera layi, limamin ya buga ta farko bayan ya yi karatunsa, sauran kuma a bar wa jama'a, yaro da babba. Wani dattijo na zaune gefen rumfar da faranti biyu, duk bugu ɗaya ya ɗauki tsakuwa daga wannan ya sa a wancan. Idan tsakuwar ta ƙare kuma da sauran mutane a layi, sai ya yi kamar bai lura ba, a ci gaba har kowa ya samu. Wanda ya buga ba ya tafiya gida, wajen wuta yake komawa, kuma a nan ne ainihin taron yake. Za ka ji ana cewa wane bai zo bana ba, ƙafa ta hana shi. Gidan su wance an rufe, 'ya'yan sun ɗauke ta sun kai Osaka. Wannan dogon saurayin jikan wane ne, ya zo hutu daga Tokyo. Daren nan unguwa ke ƙirga kanta, ta ga wa ya rage, wa ya tafi.

Sai ka san tarihin abin kafin ka gane me ya sa haikali ne wurin wannan ƙirga. A ƙarni na 17 gwamnatin Tokugawa, wajen yaƙar addinin Kirista, ta wajabta wa kowane gida ya yi rajista da wani haikali. Dokar ta daɗe da mutuwa, amma alaƙar ta zauna: gidajen da ke ƙarƙashin haikali ana ce musu danka, su ke biyan kuɗin gyaran rufi da sauran hidima, shi kuma haikalin ke riƙe musu kaburbura da littafin sunayen mamatansu. Gawa ƙona ta suke yi, a sa ƙasusuwan a kabarin dangi, yawanci a bayan haikalin. Limamin zai zo gida ya yi karatu a kwana na 49, da cikar shekara, haka nan jefi-jefi har shekara ta 33. Shi ya sa za ka iske mutum ya ce maka shi ba ya bin wani addini, amma kowace shekara yana biyan kuɗin haikali, domin uwarsa da ubansa na can. Haikalai sun haura 70,000 a ƙasar, sun fi konbini yawa, wato ƙananan shagunan kayan masarufi da ke ko'ina, mafi yawansu kuma irin wannan ne, ƙanana, ba mai zuwa ɗaukar hoto. Kada kuma ka yi mamaki in ka ga limamin da mata da 'ya'ya. Ɗariƙar Jodo Shinshu tun zamanin wanda ya kafa ta, Shinran, limamanta ke aure, sauran kuma dokar 1872 ta sakar musu mara. Namu da rana malamin makaranta ne, haikalin gado ya ci daga mahaifinsa, matarsa ce ta san kowane gida da matsalarsa.

To ga shawarata, kuma ita ce ta sa na rubuta duk wannan. Idan kana so ka girmama dattijon nan, tambaye shi yaushe ne ranar sharar haikali, ka je wannan. Kafin ƙarshen shekara kowane gida da kowane haikali na yin gagarumar shara. A manyan haikalan Honganji guda biyu na Kyoto ranar 20 ga Disamba ake yi, jama'a su jeru suna dukan tabarmin tatami da sandunan gora, wasu na korar ƙurar da manyan mafitai. A unguwa, aikin gayya ne sak irin wanda muka sani: kowane gida ya turo mutum ɗaya, wani ya zo da tsintsiya, wani da tsani, mata su dafa shayi. Matsalarsu ita ce masu zuwan duk sun tsufa. Ranar da na fara zuwa, ni kaɗai ne gashina bai yi fari ba, kuma maganar da ake yi ita ce wa zai hau ya kwashe ganyen da ya toshe indararo. Na hau. Daga nan aka ba ni faskaren itacen da za a ƙona daren ƙararrawa, da ɗauko turmin da ake daka mochi, wato curin shinkafa mai danƙo, daga ɗakin ajiya. Cikin ɗakin ibadar, inda mutum-mutumin Buda da kayan tagullarsa suke, na ce ba zan taɓa ba, ba kuma wanda ya tambaye ni dalili sau biyu. Bayan wannan rana tsofaffin da a da sai dai su ɗan sunkuyar da kai su wuce suka fara ajiye mini kabeji da daikon, wani dogon farin kayan lambu mai kama da karas, a bakin ƙofa.

A daren kansa, ga inda ni na ja layi. Ina zuwa in tsaya wajen wuta, in taya zuba itace, in riƙe wa tsofaffi fitila a matakala saboda ƙanƙara na sa santsi. Ban buga ƙararrawar ba, domin kafin mutum ya ja igiyar yakan haɗa tafukansa ya sunkuya, kuma an ce bugun na kankare sha'awoyin nan. Ko da rabin masu layin al'ada kawai suka ɗauke shi, ni a wurina ibada ce. Ban shiga zaman karatun da limamin ke yi bayan sha biyu ba, ban sa turaren wuta ba, ban jefa kuɗi a akwatin sadakarsu ba. Na san 'yan uwa Musulmi daga Indunusiya da suka buga, na kuma san waɗanda ko harabar ba sa shiga. Abin da zan tabbatar maka shi ne mutanen ba sa ɗaukar ƙin yi a matsayin raini idan ka faɗa tun da wuri. Ka ce shukyo-jo no riyu de, wato saboda dalilin addini, ka ƙara da godiya. Abin da ke ba su kunya shi ne su miƙa maka abu a gaban jama'a ka ƙi karɓa, don haka ka yi wa mai gidanka bayanin tun a gida, shi zai sanar da matar limamin, magana ta ƙare.

Wajen abinci ne za ka fi buɗe ido. Kada ka ce ai haikali ne, ganye kawai za a ci. Miyar da aka fi rabawa a irin wannan dare ita ce tonjiru, kuma naman alade ne a ciki. Akwai wani farin abin sha mai zafi, amazake, iri biyu ne: na shinkafa zalla, da wanda ake yi da dusar giyar sake, wanda ke da barasa. Ka tambaya wanne ne, in mai rabawa ya yi jim, ka bari. Taliyar soba da ake ci daren don fatan tsawon rai, romonta kusan kullum da mirin a ciki, shi ma dangin giya ne. Otoso da za a iya miƙa maka da safe a gida giya ce kai tsaye. Mochi zalla da lemun mikan da koren shayi ba su da matsala, sai dai mochi ka yanka ƙanana ka tauna sosai, duk shekara hukumar kashe gobara ta Tokyo na gargaɗi a kansa saboda yana shaƙe tsofaffi.

Kada ka yi wa kowa barka da sabuwar shekara kafin sha biyu. Kafin nan yoi otoshi o ake cewa, bayan nan akemashite omedeto gozaimasu. Gidan da aka yi rasuwa a shekarar kuwa ba a yi musu barka sam. Su da kansu suke aika kati tun Nuwamba cewa suna cikin makoki, kada a turo musu katin sabuwar shekara. A wajen wuta za ka gane su, ana zuwa a tsaya kusa da su a yi magana ƙasa-ƙasa. Ka dubi yadda mai gidanka ya yi, ka bi sahunsa.

Wani abu da zai iya ba ka mamaki: wasu haikalan sun mayar da bugun zuwa rana, wasu sun daina, ko saboda sababbin maƙwabta na ƙorafin ƙara, ko saboda babu sauran mai ƙarfin tsayuwa cikin sanyin dare. A ƙauyuka limami ɗaya kan riƙe haikali biyu ko uku. Tsofaffin na jin zafin wannan, musamman da yake ƙararrawa da yawa gwamnati ta kwashe ta narkar lokacin yaƙin duniya na biyu, iyayensu ne suka yi karo-karo bayan yaƙi aka ƙera wasu. Tamu ma haka take, sunayen gidajen da suka ba da kuɗi na jikinta, kuma mai gidana kan kai yatsa ya nuna na mahaifinsa. Saurayi baƙo da ya tsaya musu a wajen wuta ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Ina kyautata zaton dalilin gayyatarka ke nan, ba wai ana zawarcinka zuwa addininsu ba.

Washegari da kwana biyun da ke biye kuma ziyarar farko ce ta shekara, hatsumode, inda miliyoyi ke tururuwa manyan haikalai irin su Naritasan da Sensoji suna roƙon sa'a, suna sayen layu da takardun duba. Wannan roƙo ne zalla, ba ka da aikin yi a ciki, ni ban taɓa bin kowa ba. In ka yanke shawarar zuwa na daren, ka sa kaya masu kauri sosai, ka sayi 'yan ƙunshin ɗumama jiki da ake kira kairo a konbini, ka sa safa mai kyau marar huji domin za a iya cewa ka shigo ɗakin baƙi a sha shayi, kuma takalmi a waje ake barinsa. Ka riƙe wa matar limamin ɗan ƙunshin dabino. Ka saita agogon Asuba kafin ka fita, don sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi za ku dawo gida. Allah ya ba da sa'ar karatu.