Kalmar "klints" a harshen Latbiya: mace ce ko namiji?

Tambaya: Malam, ina koyon harshen Latbiya, na ga sunan wani wuri, Ērgļu klintis. Mene ne klints, daga ina ta fito, kuma me ya sa ƙarshenta yake sauyawa?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Mu a wurinmu dutse dutse ne, ko na jifa ko na hawa. Su kuwa sun raba: akmens shi ne wanda za ka ɗauka a hannu, kalns tsauni, klints kuwa fuskar dutse ce da ta miƙe tsaye kamar bango. Wurin da ka gani yana bakin kogin Gauja, kusa da garin Cēsis, ma'anar sunan kuwa duwatsun gaggafa.

Asalinta aro ce. Masana suna danganta ta da klint ta tsohon Jamusancin arewa, harshen fataken da suka riƙe kasuwancin Riga, babban birnin Latbiya, tun bayan kafa birnin a 1201. Har yau 'yan Denmark da Sweden suna cewa klint, shi ya sa ake kiran farin dutsen nan na bakin teku a Denmark Møns Klint.

Inda ɗalibai suke tuntuɓe shi ne jinsi. Yawancin kalmomin Latbiya da suka ƙare da -s maza ne, sai mai koyo ya saki jiki ya sa klints a sahunsu. Alhali mace ce, tana cikin ƙaramin rukuni ɗaya da sirds, wato zuciya, da nakts, dare, da govs, saniya. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba: ai ruwa da gida sun ƙare da -a, amma ba mai cewa "gida ce". Don haka dutse mai tsawo augsta klints ne, da siffar mace, ba augsts ta namiji ba.

Sauyin ƙarshen kuwa aikin da kalmar take yi a jimla ne yake jawo shi. Idan a kanta aiki ya faɗa, sai ta koma klinti. Idan wuri ake nufi, klintī, da dogon wasali. Jam'inta klintis. A mallakar jam'i ne "t" take rikiɗa ta zama "š", mai sautin "sh": klinšu. Ka riƙe wannan da kyau, don a taswirarsu manyan tsaunukan Rocky na Amurka Klinšu kalni aka rubuta. Wajen furuci kuma, ka ɗora nauyin murya a gaɓar farko.