Sarki Ji, Kuturu da Arnaɗ: Yadda Muke Yi da Sunayen Faranjawa a Zaurenmu

Aminu ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, mun kuma gode da jajen da ka yi mana kan wannan yaƙi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tun watan Afrilu na 2023. Mu dai a nan Gadarif, a gabashin Sudan, muna cikin rufin asirin Allah, gida ya cika da 'yan uwa da suka taso daga Khartum da Madani, ana ta maneji. Amma bari in je ga tambayarka, domin da na karanta wa 'yan zaurenmu ita bayan sallar isha'i sai da kowa ya dara.

Ka ce ka sayi ƙagaggen labari na Turanci kan yaƙe-yaƙen Salibiyya, wato yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai, waɗanda Larabawa suka kira Faranjawa, suka yi da Musulmi a kan Ƙudus, ka kai shafi na arba'in ka ajiye, saboda Baldwin ya zama uku, Raymond ya zama biyu, ga wani Guy da ka rasa ko Gai za ka ce ko Guyi. Kana tambaya ko gaskiya ne abin da mahaifinka ya ba ka labari lokacin da ya ziyarce mu, cewa a nan har tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba suna hirar sarakunan Ƙudus kamar maƙwabtansu ne. Gaskiya ya faɗa maka. Sai dai ba da sunayen da ke cikin littafinka suke hirar ba.

Ka fara sanin cewa mu da Larabci muke karatu. Hausa ta gida ce da kasuwa da gona, makaranta kuwa tun daga halwa, wato makarantar allo, har jami'a Larabci ne. Ni kaina sai da na yi gemu na koyi rubuta Hausa da boko, shi ya sa za ka riƙa cin karo da tuntuɓe a rubutuna. Littattafan da ke zuwa hannunmu bugun Alƙahira ne ko na Bairut, kuma 'yan Sudan suna da kirarin da suke yi wa kansu cewa Alƙahira ke rubutawa, Bairut ke bugawa, Khartum ke karantawa. Tsaran mahaifina ba su san mutum ya ƙule a ɗaki shi kaɗai da littafi ba. Idan an gama girbin dawa da riɗi, aikin gona ya yi sauƙi, sai a taru a rakuba, rumfar kara ke nan, a hura garwashi a ɗora jabana, wato gahawar Sudan. Tsarin irin na tafsirin azumi ne da kuka sani a Sakkwato: yaro ɗan makaranta ya ja baƙi, dattijo ya fassara da Hausa. Na yi shekara wajen shida ina jan baƙi kafin a yarda in buɗe baki in fassara.

Wahalar mai jan baƙi ita ce littattafan nan ba su da wasali. Kalmar Larabci ko ba a yi mata fataha da kisira ba, nahawu zai nuna maka hanya. Sunan Bafaranje kuwa baƙaƙe ne tsirara a jere, kai za ka sa musu riga. Ga shi Larabci ba shi da wasu sautukan Turawa, kowace ƙasa da irin dabararta. Guy ɗin nan da ya dame ka, sarkin Ƙudus ne da aka kama a yaƙin Hiɗɗin a 1187, kuma Gi ake faɗa. Mutanen Masar suna furta jimun kamar ga, don haka da jimun suke rubuta shi. Mutanen Labanan su rubuta da angai. Mu a Sudan da sautin j muke furta jimun, sai na karanta Ji. Wani tsoho mai sayar da igiya ya ce, to wannan sarki da sunansa Ji ai bai ji ba, tunda an ce masa kada ya fitar da runduna cikin zafin Yuli zuwa inda babu ruwa, ya fitar. Daga ranar ya zama Sarki Ji Marar Ji. Bayan shekaru wani ya kawo bugun Bairut, muka ɗauka wani sabon sarki ne ya bayyana mai suna Gi, har aka yi dare biyu kafin a gane mutuminmu ne.

Abin da muke yi ke nan, laƙabi. Da zarar mutum ya fito sau biyu a labari, zaure zai raɗa masa suna, kuma ba a raɗawa sai ya aikata wani abu. Baldwin biyar suka yi sarautar Ƙudus, don haka ka gode Allah uku kawai marubucinka ya kawo maka. Na huɗu shi ne wanda kuturta ta kama tun yana yaro, ya rasu a 1185 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi muke kira Kuturu, kuma ba da raini ba, don tsofaffinmu suna ganin jarumtarsa. Na biyar ɗan 'yar uwarsa ne, ya mutu a 1186 bai kai shekara goma ba, shi ne Yaro. Na farko kuwa Mai Tafki, saboda ya mutu a Arish a 1118 yana dawowa daga harin Masar, kuma tafkin da ke gaɓar arewacin Sina'i har yau Bardawil ake ce masa, wato Baldwin a bakin Larabawa. Na biyu da na uku ba su cika fitowa a labaran da muka karanta ba, sai suka tafi ba laƙabi.

Na daɗe ina jin kunyar wannan al'ada, ina ganin ƙauyanci ne. Sai da na shiga karatun tarihi na buɗe littattafan malaman da suka rayu a wancan zamani, irin su Ibnul Asir da Ibn Shaddad alƙalin rundunar Salahuddin sarkin Masar da Sham, na tarar su ma haka suka yi. Richard sarkin Ingila, wanda ya ci Akka a 1191, suna rubuta shi Inkitar, daga sunan ƙasarsa. Conrad mai birnin Sur ya zama Markis, Raymond mai Tarabulus ya zama Ƙumus, alhali duka biyun sunayen sarauta ne, kamar baƙo ya zo Kano ya ɗauka Galadima sunan yanka ne. Kakan kakan wannan Raymond, wanda ya zo da yaƙin Salibiyya na farko daga wani gari Saint-Gilles a kudancin Faransa, Sanjil suka ce masa, kuma ganuwar da ya fara ginawa a Tarabulus ta Labanan tana nan da wannan suna. Louis na tara da aka kama a Masar a 1250 aka tsare a gidan Ibn Luƙman a Mansura, wasu sun rubuta shi Raidafarans, wanda ba komai ba ne illa sarkin Faransa da Faransanci. Akwai kuma ƙungiyar mayaƙan da suka faro daga kula da marasa lafiya a Ƙudus, Larabawa suka ce Isbitariyya. Ranar da na gane cewa wannan kalma da asibitinmu uwa ɗaya ta haife su, na yi ta murna ni kaɗai kamar na tsinci kuɗi. A zaure tun daga nan 'yan asibiti muke ce musu. Su ma Faranjawan ba su raga ba: Salahuddin ya koma Saladin, ƙanensa Saifuddin ya koma Saphadin.

Kai ma da kake Bahaushe bai kamata abin ya zame maka baƙo ba. Wa ya ce Lugard a Sakkwato? Lugga aka ce. Hanns Vischer ya zama Ɗan Hausa, Sharwood-Smith ya zama Mai Wandon Ƙarfe. Mu mutane ne da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, rabin gari da laƙabi ake saninsu har a shiga kabari. Mu ma nan an lanƙwasa mu. Garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, Mayirno 'yan Sudan suke ce masa, da yawa ba su san akwai wata Wurno a bayan sunan ba. Tsiren da kakanninmu suka kawo kuwa agashe ya zama a duk faɗin ƙasar.

Wanda ya fi kowa suna a zaurenmu shi ne Arnaɗ mai ganuwar Karak. Kunnen Bahaushe na jin wannan suna sai ya jiyo arna, tsofaffi suka ce ai sunansa ya bi shi, duk da na sha gaya musu dacewa ce kawai, Renaud ne Larabawa suka murɗa. Ƙiyayyar da suke masa tana da dalili na kusa. Shi ne ya sa aka ɗauki jiragen ruwa gunduwa-gunduwa a kan raƙuma aka harhaɗa su a Bahar Maliya, a 1183 mutanensa suka afka wa Aizab, tashar da alhazan Afirka suke tsallakawa zuwa Jidda, a yankin Halayib da Sudan da Masar suke jayayya a kai yanzu. Ka tuna su waye masu sauraren nan: 'ya'ya da jikokin mutanen da suka taka daga ƙasar Hausa da ƙafa, shekara da shekaru, don su tsallaka wannan teku. Idan aka zo inda Salahuddin ya sare shi da hannunsa bayan Hiɗɗin, sai a ce a maimaita, wani ma ya sa a ƙara jabana daga aljihunsa.

Kada ka ɗauka ɓangaren Musulmi sauƙi gare shi. Nuruddin da Najmuddin da Asaduddin ba matsala, akwai su a kowace unguwa. Amma ga Adil, ga Kamil, ga Afdal, ga Salih, kowanne da laƙabin Malik, kowanne ɗan gidan Ayyuba, wato gidan su Salahuddin. Ga kuma Turkawa: Ɗugtakin, Karbuga, Ƙuɗuz, Ƙalawun. Waɗannan sun fi na Faranjawa karya harshe. Mata, da suke saurare daga bayan dangar kara, su suka fi mu iya warware irin wannan, domin da dangantaka suke riƙe mutum: wane ɗan wane, kishiyar wance. Mahaifiyata ba ta taɓa cewa Shajaratud Durr ba, Uwar Halilu take cewa, sai daga baya na ga ashe ita kanta sarauniyar, da ta riƙe Masar kwana tamanin a 1250, da wannan alkunya ake ambatonta a takardun mulki.

Yanzu ga inda al'adar ta cuce ni. Ɗan ƙanwata yana karatun likita a Ingila, shi ma irinka ne, da Turanci yake karanta waɗannan labarai. Wata rana a waya ya ce a duk Faranjawa bai ga mugu kamar wani Reynald ba. Na ce yaro ne kai, ba ka san Arnaɗ ba. Ya kawo nasa laifukan, na kawo nawa, ya ce nasa ya tare ayarin fatake lokacin sulhu, na ce nawa ma haka. Mun ci kusan rabin sa'a muna gardama kan wanda ya fi wani mugunta kafin ya tambaye ni a ina nawa ya mutu. Ashe mutum ɗaya muke magana a kai. Ga ni malamin tarihi guda, da furfurata. Tun daga ranar, duk littafin da zan karanta sai na ja layi uku a bangon ciki: laƙabin zaure, sunan da Larabawa suka rubuta, da yadda mutanensa suke rubuta shi da boko. Yaranmu na yanzu a waya suke dubawa su ji yadda ake furtawa, wani lokaci su gyara mini a gaban jama'a, ina haɗiyewa.

Ka kuma tambaya ko wannan ba ɓata tarihi ba ne, ko rashin mutunta mutane. Muna da iyaka. Sunan Annabi ko sahabi ko malami ba a taɓa shi, mai jan baƙi ya yi kuskure a nan sai an tsayar da shi. Mutumin da yake raye ma haka. Maƙwabcina na shekara ashirin mutumin kudu ne, Badinke, kuma sai da na zauna na koyi sunansa yadda uwarsa take faɗa, don mun san zafin a tattara Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a ce musu Fallata a wuce. Amma sarkin da ya mutu shekara ɗari takwas da suka wuce, wanda marubuci ya riga ya sa masa maganar da bai faɗa ba, ba na jin an zalunce shi don an kira shi Kuturu a wata rumfa a Gadarif, musamman da yake a rumfar ana jin tausayinsa.

Don haka ka koma shafi na arba'in. Kada ka tsaya kokawa da kowane suna, mafi yawansu masu riƙe linzami ne, za su fito sau ɗaya su ɓace. Wanda ya dawo karo na biyu, ka duba abin da ya yi ka raɗa masa nasa, ka rubuta a bango tare da na gaskiyar. In da hali ka samu ko mutum biyu ku riƙa karantawa da ƙarfi, kai ka ja baƙi da Turancinka ka fassara musu, za ka ga sunan da ka furta sau goma a gaban mutane ba ya guduwa. Raymond biyun nan ka rubuto mini shekarun da labarin yake ciki, zan gaya maka wanne ne Ƙumus.

Ka gaishe da mahaifinka, ka ce masa mai igiyar nan da ya raɗa wa Sarki Ji suna Allah ya yi masa rasuwa shekara uku ke nan, ɗansa ne yake zama a gurbinsa.