Tambaya da Amsa: Na ɗaure wayar kuloci tamau, yanzu babur ya daina ja

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a taimaka min. Babur ɗina ne in na kama kuloci na saka giya ɗaya sai ya yi ƙara kau, ya riƙa son tafiya tun ban saki hannu ba, firi kuma sai na kashe inji nake samunsa. Shi ne na murɗa abin nan na gindin hannun har wayar ta ɗaure tamau, giya kam ta dawo tana shiga lafiya amma yanzu in na hau tudu ko na goya mutum sai inji ya yi ta ihu babur ba ya gaba. Filet ne ya ƙone ko me? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya gudun gara ka yi ka faɗa gidan zago. Da farko wayar ce ta yi sako-sako da yawa, shi ya sa ko ka matse hannun har ƙarshe filet ɗin, wato faya-fayan da ke cikin kuloci, ba sa rabuwa duka. Yanzu kuma ta ɗaure har tana jan kulocin da kanta ko ba ka taɓa ba, filet na ta sulɓewa suna ɗaukar zafi, in ka ci gaba da hawa a haka to za su ƙone da gaske, don Allah ka dakata.

Dole ne hannun kuloci ya zama yana da ɗan wasa. Ka bari inji ya huce, ka sa yatsa ɗaya ka ja hannun a hankali, akwai ɗan wurin da zai tafi sakayau kafin ka ji nauyi, to wannan shi ne wasan. Yawancin babura milimita 10 zuwa 20 ake so a ƙarshen hannun, in a gindinsa za ka auna kuma 2 zuwa 3, amma ka duba littafin naka. Janye robar da ta rufe abin murɗawar da ke gindin hannun, kwance notin da ke kulle shi, ka mayar da abin murɗawar ciki har wasan ya dawo sannan ka kulle. In ka ga ya fito waje sosai zarensa saura kaɗan, mayar da shi ciki ka sauka ƙasa wajen inji, akwai noti biyu a ƙarshen wayar, a can ake babban saiti, na sama na ƙarasawa ne kawai. Da ka gama ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, in wasan yana canzawa to wayar ta bi hanyar da ba tata ba ko wani abu ya danne ta.

Ga abin da nake so kowa ya riƙa lura da shi. A yawancin babura in wasan yana raguwa da kansa, filet ne ke cinyewa. In kuma ƙaruwa yake yau ka saita gobe ya dawo, ka leƙa inda kan wayar ya shiga hannu, sau da yawa za ka tarar siraran wayoyin sun fara tsinkewa sun yi buzu-buzu kamar tsintsiya, wannan ba ta gyaruwa, canza ta kafin ta yanke maka a tsakiyar titi.

Wasu babura suna da sukuru na saiti a jikin inji ƙarƙashin ɗan murfi, shi ke tura sandar da ke buɗe kuloci. Sassauta wayar tukuna, kwance notinsa, murɗa sukurun ciki har ka ji ya taɓa, ka dawo da shi baya kwata ko rabin zagaye, ka riƙe shi da sukundireba yayin da kake ɗaure notin don kar ya gusa, sai ka koma kan waya.

In duk ka yi wannan yana sulɓewa har yanzu, wane baƙin mai ka zuba? Kulocin yawancin babura a cikin mai yake wanka, wasu man mota kuma suna da sinadarin ƙara santsi, ka nemi mai rubutun JASO MA ko MA2 a jikin galan, alamar man da ya dace da irin wannan kuloci ke nan. In man daidai ne to sai bakanike ya buɗe ya auna kaurin filet da tsawon sifirin.