Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan zuwa kallon ganyen kaka a Amurka

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena da ya sauka Boston karatu, na ji tambayarka: wai wannan kallon ganyen bishiyoyi masu sauya launi lokacin kaka da mutanen nan ke rububi a kai ya kai a ƙona masa mai? Kuma yaushe ake zuwa?

To, wallahi ka je. Amma fa kada ka yi nawa, abin ba ya jira. Ƙarshen Satumba yake farawa can arewa, kan duwatsun jihohin Vermont da New Hampshire, sannan ya riƙa gangarowa kudu. Da tsakiyar Oktoba ta yi, ruwa da iska na dare ɗaya sun isa su kakkaɓe komai, ka je ka tarar da rassa zalla.

Ka gane, idan yini ya fara gajarta, dare ya yi sanyi, bishiya sai ta daina yin koren nan na ganye. Da ya janye, ruwan ɗorawar da dama ke ɓoye ƙarƙashinsa sai ya bayyana. Shi kuwa ja, daga sukarin da ya maƙale a ganyen yake fitowa, shi ya sa shekarar da aka samu rana tarwai da dare mai sanyi bishiyar mapul takan yi jajawur.

Ka bi hanyar Kancamagus a New Hampshire, wajen kilomita 55 daga Lincoln zuwa Conway, daji ne ta ko'ina. Ka cika tanki kafin ka shiga, babu gidan mai a tsakani.

Amma ni abin da ya fi damuna, mutanenmu sai su zauna cikin mota, a ɗau hoto a juyo. Haba! Daga Conway tafiya kaɗan ce zuwa Fryeburg a jihar Maine, inda manoma ke bikin kakarsu da ya samo asali tun 1851, farkon Oktoba. Kusan kalankuwarmu ce, sai dai babu kalangu. Ka nemi wurin gasar shanun huɗa. Za ka ga dattijo da 'yar tsumagiya, bai cika dukansu ba, magana yake yi wa bijimai biyu, su sunkuya su ja tulin kankare, ƙura na tashi, jama'a sun yi tsit har sai sun tsaya. Ga tumaki, ga kabewa, ga tuffa buhu-buhu. Ka tsaya ku gaisa da masu dabbobin, suna son a tambaye su.

Sai a kula da abin da za a sa a baki. Ruwan tuffa da suke kira saida iri biyu ne, akwai zalla, akwai wanda ya zama giya, ka tambaya kafin ka karɓa. Naman alade ma ya yi yawa a rumfunan abinci.

In da hali ka je tsakiyar mako, don ƙarshen makon hutun Litinin ta biyu a Oktoba cunkoso ne kawai. Ka riƙe rigar sanyi mai kauri. Allah ya kiyaye hanya.